Saƙa ta fara kawo kwastoma: in ciri jarin shago in sayi keken saƙa?

Tambayar wannan makon daga wata baiwar Allah ce mai shagon kayan masarufi a Tudun Wada, nan Kaduna. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Malam, wurin yayata na koyi saƙa don ɗebe kewa, ina yi a shago idan babu masu saye. Na saƙa wa jikata riga da hula da safa, aka gani ranar suna, shi ke nan aka fara aiko mini. Ina kashe kamar N5,500 a saiti ɗaya, zare da maɓallai da kuɗin mota, in sayar N8,000, amma ba na ganin kuɗin. Wata ta ƙi karɓar shawul wai ɓari ɗaya ya fi ɗaya duhu, wata rigar kuma kan yaron ya ƙi shiga. Yanzu ana ce mini in ciri N150,000 daga jarin shago in sayi keken saƙa na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi. In yi?"

Hajiya, Allah ya sa wa hannun albarka. Amma bana dai ki bar jarin shago inda yake. Shagon ne ke ɗauke da cefanen gida, shi ne kuma ya ba ki inuwar da kike zama kina saƙar. Keke ba zai gudu ba, zan zo kansa daga baya.

Mu fara da kuɗin da kika ce ba kya gani. A lissafinki N2,500 ce riba a kowane saiti. Abin da ba ki saka ba shi ne lokacinki. Riga da hula da safa na jariri da tsinke biyu, ga mai matsakaicin sauri, a ce sun ci awa 20. Ki raba N2,500 gida ashirin, kin yi aiki a kan N125 duk awa. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a 2024 N70,000 ne a wata, wanda idan aka raba shi da awannin aikin wata zai kama kusan N400 a awa. Da wannan ma'auni, ladan hannunki kaɗai N8,000 ne, saitin kuwa ya kamata ya tashi a N13,500 kafin a fara maganar riba. Wato yanzu zaren kawai ake biyan ki, aikin kuwa kusan kyauta kike yi.

Na san za ki ce ai da ma zaune kike a shago. Gaskiya ne, kuma ban ce lallai ki ƙirga kowace awa da farashin ma'aikacin gwamnati ba. Awar da kike jiran mai sayen sukari tana da arha. Sai dai da zarar an ce miki suna ranar Asabar ne, saƙar ta bar shago ta bi ki ɗaki, kina yi har ƙarfe ɗayan dare da fitilar waya, gobe ki buɗe shago a makare da ciwon wuya. Wannan awar ba ta da arha ko kaɗan.

To ko za a sayi saitin a N13,500? Wasu za su saya, yawanci ba za su saya ba, kuma kin san dalili tunda Kasuwar Barci a ƙofar gidanki take. Duk lokacin da hunturu ya kama, dilolin gwanjo na zubo suwaita da huluna a farashin da ko zarenki ba zai saya ba. Kada ki yi gasar arha da gwanjo, ba za ki ci ba. Abin da kike da shi wanda babu a dila shi ne sabo ne fil, ba wanda ya taɓa sawa, an yi shi da kalar da uwar ta zaɓa, ana iya shiga da shi gidan barka ba tare da jin kunya ba. Mai neman kayan barka ita ce kwastomarki, ba mai neman abin da zai tare wa yaro sanyi kawai ba.

Sannan ki duba wane kaya ne ya fi biyan ki. Hula ɗaya, a ce ta ci zaren N1,200 da awa uku, kika sayar N3,000. Saura N1,800, wato N600 duk awa, kusan ninki biyar na abin da saiti ke ba ki. Ƙananan kaya, hula da safa da takalmin jariri, su ne ke da kuɗi a saƙar hannu. Suna fita da wuri, kuskure a cikinsu ba ya cin kwanaki, ragowar zare na shiga, kuma iyaye mata na sa wa jarirai hula da safa ko ba hunturu ba, balle a sanyin damina na watan Agusta. Ki rataye su a shagonki kusa da madara da pampas. Ki ɗauki hoto da hasken rana ki sa a status na WhatsApp. Wannan bai ci miki ko kwabo ba.

Yanzu ga asarar da kika yi, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai domin duk ana iya kauce mata. Maganar shawul, kusan na tabbata zare ne ya yanke miki a tsakiya kika koma Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi kika ƙaro. Kamfani na rina zare ne rukuni-rukuni, kowane rukuni da ɗan bambancinsa ko da sunan kalar ɗaya ne. A cikin rumfa ba za ki gane ba, sai an shimfiɗa a rana. Idan takardar da aka naɗe zaren da ita na da lambar rini, ki tabbatar lambar ɗaya ce a duk abin da kika saya. Idan babu lamba, ki saya daga leda ɗaya a rana ɗaya, ki ƙara dunƙule ɗaya a kan abin da kike zato. Rarar ba asara ba ce, hula za ta zama. In kuwa dole ta sa kika haɗa rukuni biyu, ki riƙa yin layi biyu da tsohon, layi biyu da sabon na ɗan tsawo, ido ba zai kama wurin haɗin ba. Shawul ɗin da aka ƙi ma kada ki jefa shi ƙasan akwati: ki warware, ki nannaɗe zaren, ki fitar da huluna.

Matsalar wuyan riga kuwa, matse layin ƙarshe da ake rufe saƙa da shi ne ke jawo ta. Kan ƙaramin yaro babba ne idan aka gwada da jikinsa, layin rufewa kuma ba ya miƙewa kamar sauran saƙar. Ki rufe da tsinken da ya fi kauri, ko ki bar tsaga a kafaɗa ki sa maɓallai, ki ɗinke su da ƙarfi sosai don kada yaro ya cire ya kai baki. Kafin ki fara babban aiki ki saƙa ɗan gwaji kamar santimita 10 kowane gefe, ki ƙirga idon saƙar da ya shiga, don ki san girman da aikin zai fito. Yawancin masu saƙa na ƙyuyar yin wannan, su ne kuma ke warware aikin mako guda suna tsaki. Idan na jariri ne sabon haihuwa, ki yi girman ɗan wata uku, domin kafin ki gama yaron ya riga ya ƙara ƙiba.

Akwai kuma asarar da ba ta same ki ba tukuna. Yawancin zaren da muke kira ulu a kasuwanninmu na roba ne, ba gashin tunkiya ba. Dutsen guga mai zafi na kwantar da shi ya yi sheƙi ya saki, ba ya komawa. Ki faɗa wa duk mai saye: wankin hannu da ruwa mai sanyi, a shanya a kwance, ban da guga. In ba ki faɗa ba, ke za a zaga a unguwa.

Duk aikin da aka ba ki, kada ki ɗaura zare a tsinke sai an ba da kafin alƙalami da zai rufe kuɗin zare gaba ɗaya, kuma da farashin yau. Tun da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira a watan Yunin 2023 farashin kayan da ake shigowa da su bai zauna wuri ɗaya ba, saboda haka ki yanke kuɗi bayan kin tambayi kasuwa, ba da abin da kika saya wancan watan ba. Ki rubuta kala da girma da ranar karɓa a littafi daban, kuɗin saƙa ma a gwangwani daban, kada ya shiga aljihun shago. 'Yan'uwa da za su ce "ai ke ce, yi mini zan kawo" ki zaɓa tun farko: ko dai kyauta ce ki yi don Allah ki manta, ko ciniki ne a biya.

Wani abu da ba a cika faɗa a shawarar kasuwanci ba: kin fara saƙar nan ne don tana miki daɗi. Daɗin ganin hannun riga na biyu ya zo daidai da na farko, ko sabon zane ya fito bayan kin sha fama da shi, ba ya cikin lissafin riba, amma shi ne ke sa ki ɗauki tsinken gobe. Ki kayyade aikin da za ki karɓa a wata, ki bar aiki ɗaya a gefe wanda ba na kowa ba ne, ba shi da ranar karɓa. Manyan shawul da barguna su zauna a wannan ɓangaren, tunda kuɗinsu ba ya fita.

Sai keke. Keken saƙa wata sana'a ce daban. Irin wanda aka fi gani yana da allurai 200, yana son siririn zare, kuma yana fitar da saƙa miƙaƙƙiya cikin sauri, amma haɗa gaba da baya da hannuwa da wuya duk suna nan suna jiran ki. Koyonsa na ɗaukar makonni da ɓarnar zare. Na hannu kuma sai an yi hattara: kamfanin Brother, alal misali, ya daɗe da daina ƙera kekunan saƙa, don haka ki fara sanin inda za ki sami allura da soson da ke danne su, da wanda zai gyara, kafin ki biya. Ki je da wadda ta iya, ta saƙa a kai a gabanki.

Kasuwar keke ita ce suwaitar 'yan makaranta, kala ɗaya, girma uku ko huɗu, da yawa a lokaci guda. Ana neman wannan aikin tun makarantu na komawa a Satumba, don a kai kafin sanyi ya sauka a ƙarshen Nuwamba. Daga Maris kuwa zafi ya shigo, keken zai yi ta shan ƙura. Saboda haka ki yi hunturun bana da tsinkenki, ki zuba abin da huluna suka kawo a adashe. Cikin bazara ki biya wata mai keke ta koya miki a kan nata. Idan wata makaranta ta ba ki aiki a rubuce, da adadi da farashi, ta kuma biya rabi tun farko, to sai ki sayi keken da kuɗin adashen da wannan rabin. Ragowar rabin ki sa sharaɗin a biya ranar da kika kai kaya, domin masu makarantu kan ce a jira iyaye su biya kuɗin zango.