Amsa: wace amfilifaya mai bawul ta dace da ɗaki?

Ɗan'uwa, ka ce a ɗaki kake kaɗa jita, kana neman sabuwar amfilifaya (na'urar ƙara sautin jita) ƙirar ta da. To, ka rabu da amfilifayar Marshall samfurin 1959 mai wat 100. Bawul, wato 'yar kwalbar gilashin da ke ƙara ƙarfin sauti a cikin amfilifaya, sai an ƙure masa murya yake fitar da gurnanin nan mai zaƙi, ɗaki kuwa ba zai ɗauki wannan ƙarar ba. Ni dai Fender '65 Princeton Reverb zan nuna maka: wat 12, bawul samfurin 6V6 guda biyu, sifika inci 10. In akwai mai ganga a gefenka, Deluxe Reverb mai wat 22 ta fi.

Kafin ka biya, kunna ta ta yi ɗumi, ka ɗora tafin hannu kan tsirkiyar jitarka, ka kasa kunne ko tana ƙugi.