Mi ya sa sigina ta ƙi ba da kore bayan an juya layi?

Yarona na ga saƙonka. Ka ce an kai ku mahaɗar layi, aka juya harshen ƙarfe a gabanka, wato siririn ƙarfen nan mai motsi da ke karkatar da jirgi zuwa wani layi, da idonka ka ga ya koma ɗaya gefen amma sigina ta kafe a ja, shi ne kake tambaya ko lalacewa ta yi. Ba ta lalace ba, aikinta take yi.

Ka fara sanin jirgin ƙasa bai da sitiyari. Direba ba shi ke zaɓar hanya ba, ƙafar jirgi tana da leɓe ta ciki da ke bin ƙarfe, inda harshen nan ya kwanta nan za ta bi. To in harshen bai manne da babban ƙarfe ba, ko da 'yan milimita ne suka rage, leɓen zai iya kutsawa tsakani, wata ƙafa ta yi nan wata ta yi can, tarago ya sauka daga layi da bayin Allah a ciki. Kai kuma daga tsaye ba za ka ga wannan 'yar tazarar ba wallahi. Shi ya sa aka sa sandunan da ke jin ko harshen ya kai maƙura, ga kuma makullin da ke riƙe shi, sai duka biyun sun tabbata kafin wuta ta isa ga kore, kuma da ta ba da kore layin ya kulle kenan, ko shugaban tasha ba ya iya juya shi jirgi na bisa. Tun 1856 wani Bature ɗan Ingila, John Saxby, ya yi rajistar wannan dabarar, lokacin da liba da sandunan ƙarfe ake yi, yau kwamfuta ke yi amma dokar ba ta canza ba.

In ka ga haka, ka fara duba tsakanin harshe da ƙarfe. Sau tari tsakuwa ce guda ta faɗa, ko yashi ya cika farantin da harshen ke zamewa a kai. Wannan fa mu nan sai mun shirya mashi, don layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinshi a Fabrairun 2021, mai bi ta Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya, ƙasar yashi zai ratsa, ga ƙurar hunturu. Shara za ta zama rabin aikinku, kuma kada ka labta giris da yawa, ƙura yake kamawa ya daskare. In harshe lafiya lau, sai ka duba ko wani yankin layin yana nuna akwai jirgi a kai. A wani tsarin akwai 'yar wuta da ke bi ta cikin ƙarafan biyu daga batir zuwa rile (wani makunni ne da wutar ke riƙe da shi), jirgi na hawa ƙafafunshi su haɗa su, wutar ta daina isa ga rile, rile ya faɗi, sigina ta yi ja. Waya ta tsinke, ja. Batir ya mutu, ja. Da gangan aka gina ta haka. Ko tsohuwar sigina mai hannu ta ƙaramin layi, irin wanda ya bi ta Funtua daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda, in wayarta ta katse nauyi ne ke mayar da hannun ya miƙe a kan tsaya.

Abin da nake roƙonka da girman Allah, kada ka taɓa ɗaura waya ka tsallake rile don a samu kore, ko fasinja na ta surutu, ko oga na ta kiran wayarka. Ka kai rahoto, a tsare jirgi, a nemo dalilin. Jinkiri ana mantawa da shi.

Batun hoton jirgin fasinja da ka ce kana so, ba laifi, ni ma ina son ganin shi yana shan kwana a mahaɗa taragu na bin juna. Amma ka nemi izinin shugaban tasha tukuna. Ka tsaya can nesa da layi rana na bayanka, da safe ko bayan la'asar haske ya fi kyau, kada ka haska filasha a fuskar direba. Kuma ƙafarka kada ta kusanci harshen nan, inji ne ke tura shi daga ɗakin sarrafawa, ba ya sallama. Jirgi mai gudu ko ya taka birki sai ya ci ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya, balle a sabon layi mai faɗin milimita 1,435 da ya fi tsohon mai 1,067 ɗaukar gudu.

In kun koma, ka ce wa mai kula da ku ya nuna maka yadda ake sa ɗan ƙarfen gwaji tsakanin harshe da layi, ka ga yadda sigina ke ƙin ba da kore, sai ka faɗa man abin da ka gani.