Amsa: Ƙullin ruwa a ƙarƙashin harshen yaro

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah Ya ba shi lafiya. Kin ce abin taushi gare shi, ya yi shuɗi-shuɗi kamar cikin kwaɗo, ba ya ciwo, kuma kakarsa ta ce a kira wanzami ranar kasuwar Ringim.

Don Allah kada a sa masa aska. Wannan siffa ta fi kama da abin da likitoci ke kira ranula. Akwai wurin da yawu ke fitowa a ƙarƙashin harshe. In hanyarsa ta toshe ko ta ji rauni, sai yawun ya taru ya yi jaka. Ko an huda ya sace, yakan sake cika, tunda tushen yana nan. Ga jijiyoyin jini a wurin, ga tsoron askar da aka yi wa wani aiki da ita. A asibiti sukan cire tushen ne ta ƙaramar tiyata.

In da kumburin yana tashi da zafi lokacin cin abinci ne, da sai a yi zargin tsakuwa a hanyar yawu. A wajen manya kuwa, musamman masu sa garin taba a baki, ƙulli mai tauri ko gyambon da ya wuce mako 2 bai warke ba, ana tsoron sankara.

Ki kai shi wajen likitan haƙori a Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko na Malam Aminu Kano. Amma in harshen ya fara ɗagowa, ko numfashi ko haɗiya ya yi wuya, ko ga zazzaɓi, ku nemi mota ko tsakar dare ne.