Ga ƙanwarmu nas da ke tsoron allurar korona

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata mai tambaya, tun daren jiya na karanta saƙonki, na kasa wuce shi. Kin ce ke nas ce, aurenki bai kai shekara ba, a wurin aiki an ce duk wanda bai kawo katin allurar korona ba kada ya ƙara sa hannu a rajista, uwar mijinki kuma ta rantse allurar tana hana haihuwa, ga shi kina jin kunyar gaya wa abokan aiki cewa ke ma a tsorace kike. Na ga wasu har sun fara yi miki gori, wai ina amfanin karatunki. Don Allah ku ƙyale ta. Da yawa daga cikin masu wannan gorin, na san lokacin da suke zillewa ta ƙofar baya in masu allura sun shigo.

Ni ma na ƙi ta, kuma na daɗe ina ƙi. Da aka sauke kashin farko na allurar AstraZeneca a Abuja ranar 2 ga Maris 2021, kusan miliyan huɗu, aka ce mu ma'aikatan lafiya ne a sahun gaba, dariya na yi. Ni ban taɓa yarda da zancen wai allurar na da alaƙa da maganaɗisu ko 5G ba. Abin da ya hana ni baƙin ciki ne, kuma har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Kun san yawan mace-macen da aka yi a Kano a watan Afrilun 2020, ba sai na faɗa ba. Amma bari in gaya miki yadda ɗakinmu na asibiti ya kasance. Dattawa ake kawowa suna haki, a rubuta musu maleriya da taifot, kafin a yi sallar asuba an rufe su da zane. Mu kuwa takunkumi ɗaya ake ba mu, mu sa, mu cire, mu rataye, gobe mu mayar. Safar hannu sai mun aika dangin majinyaci sun sayo a bakin ƙofa. Alhali kwalaye na nan a ofishin shugabar ɗakinmu, a cikin kabad, makulli a jakarta. In ka roƙa ta ce na ranar da baƙi za su zo duba aiki ne. Wallahi da bakinta ta faɗa. Ita kanta ba ta shigowa ɗakin, daga bakin ƙofa take miƙo umarni, ta sa takunkumi biyu.

Akwai wani dattijo mai goge mana ɗaki, Baba muke ce masa. Ma'aikacin wucin gadi ne, ko alawus ɗin haɗarin nan na naira 5,000 da muke kuka da shi ba ya samu. Shi ke kwashe shara, shi ke ɗauke zannuwan waɗanda suka rasu, da hannunsa tsirara. Ya fara tari, ya ce mura ce. Ranar da numfashinsa ya sarƙe ni ce a bakin aikin dare. Tukunyar oksijin ɗaya ce mai aiki, tana hancin wani. Na kira shugabar a waya har na gaji, ba ta ɗaga ba. Haka na zauna riƙe da hannunsa ina tofa masa addu'a, yana ce mini, "'Yata, ki gaya wa yarana..." bai ƙarasa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ba a yi masa gwaji ba, don a lokacin ɗakin gwajin da ke Kano ma an rufe shi na ɗan wani lokaci. Sai a watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya fito ya ce an binciki mace-mace 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama da alaƙa da korona. Baba ko a wannan lissafin ban san ko ya shiga ba.

Bayan rasuwarsa ni ma na kwanta. Zazzaɓi, kasala, abinci ba ɗanɗano, turare ba ƙamshi. Na kai yara gidan mahaifiyata, na kulle kaina a ɗaki ana cikin azumi. Maƙwabta suka hana yaransu ɗiban ruwa a gidanmu. Kin san kiran farko da shugabar nan ta yi mini? Ba sannu, ba ya jiki. "Yaushe za ki dawo? Babu mai riƙe aikin dare." Na ajiye wayar na yi kuka kamar raina zai fita.

To wannan matar ce, ita dai, bayan shekara guda ta tsaya a gaban taro ta ɗage hannun riga aka yi mata allura ana ɗaukar hoto. Da aka zo kaina na ce zan dakata tukuna, sai ta ce a gaban ɗalibai, "Irin ku ne ke mayar da Arewa baya, an yi karatu amma kai duhu." Ni da na wanke gawar... a'a, bari in yi shiru. Na bar ta da Allah. Har yau muna gaisawa, amma iyakarta gaisuwa.

Shi ya sa nake ce miki ki zauna ki tambayi zuciyarki: allurar kike tsoro, ko kuwa masu cewa ki yi ta ne ba ki yarda da su ba? Ni nawa na biyun ne. Mutanen da suka hana ni takunkumin naira hamsin, yau sun zo da allura kyauta suna cewa don lafiyata. Su ne fa aka ga an fasa rumbunan kayan tallafi a watan Oktoban 2020 an tarar da abinci jibge, talaka na kwana da yunwa. Ga shi ana tsakiyar yi mana, a watan Maris ɗin 2021, Jamus da Faransa da Italiya suka dakatar da AstraZeneca na 'yan kwanaki saboda batun daskarewar jini. Wa zai ga laifina?

Ita ma uwar mijinki kada ki raina mata hankali. A garin nan aka sa yara 200 a gwajin maganin Trovan lokacin annobar sanƙarau ta 1996, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har 2009 kafin a sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Amma ki tuna mata da ɗaya ɓangaren, cikin ladabi. Wannan zance na hana haihuwa shi aka yi a kan ɗigon shan inna a 2003, aka dakatar da shi a Kano har tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe, yara suka shanye. Yaran da aka ɗiga wa bayan nan fa? Wasunsu mu muke karɓar haihuwarsu yanzu, ɗakin haihuwa bai taɓa zama wayam ba. Kuma ba ke za ki yi wannan maganar ba, mijinki ne. Tsakanin ɗa da uwa ta fi sauƙi. In kika yi da kanki za a ce amarya ta fara rashin kunya.

Ni abin da ya sa na miƙa hannu, ba barazana ba ce. Lokacin da nau'in korona na Delta ya taso a daminar 2021 na duba gidana: maigida mai ciwon suga, Hajiyata mai hawan jini, ni ce kuma kullum nake shigo musu daga asibiti. Na ce ashe fushin da nake da wata can, a jikin waɗannan zai sauka. Allurar Moderna ta iso a watan Agusta, ita aka yi mini, a wani ƙaramin asibitin unguwa, don na rantse ba zan ba matar nan damar cewa ta yi nasara a kaina ba. Ta farko dantse ne kawai ya yi tsami. Ta biyu, bayan mako huɗu, ta kayar da ni, zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, na sha farasitamol, kashegari da yamma na miƙe. Don haka kada ki yi ta ranar da kike da aikin dare, ki daidaita ta da hutunki.

Batun haihuwa, binciken da aka yi bai nuna tana hana ɗaukar ciki ba, ga mace ko ga namiji. Wasu matan al'adarsu takan ɗan goce na wata ɗaya ko biyu ta koma daidai, ki san da wannan don kada ki firgita. Ita cutar kanta ce ta fi zama haɗari ga mai juna biyu, tana iya jawo haihuwar bakwaini. A ɗakinmu akwai waɗanda aka yi musu, yanzu suna goyo. In kina zargin kina da shigar ciki, ki fara zuwa wurin likitan mata ku yi magana, ba wurin mai rajista ba.

Daskarewar jinin nan gaskiya ce, ba ƙage ba, hukumar magunguna ta Turai ta amince da hakan a watan Afrilun 2021, amma ba kasafai take faruwa ba, kuma an fi danganta ta da AstraZeneca da Johnson & Johnson. Alamominta ke nas ce kin sani: ciwon kai mai tsanani da ya ƙi sauka, kumburin ƙafa, ciwon ciki ko ƙirji, sarƙewar numfashi, daga kwana huɗu zuwa wajen wata guda bayan allura. In kin ga haka kada ki tsaya shan magani a gida. Kuma ki karɓi kwalbar ki duba ranar lalacewarta da idonki, haƙƙinki ne. Kin ga a watan Disamban 2021 sai da aka lalata fiye da miliyan ɗaya a Abuja, don ƙasashen da suka ba mu sun kawo su dab da ƙarewar wa'adi. Wannan ma wani takaicin ne, sai da suka ƙoshi suka tuna da mu. Ki zauna minti 15 zuwa 30 bayan an yi miki kafin ki tafi.

Abu ɗaya nake roƙon ki, kada ki sayi katin bogi. Na san ana yi, na san za a zo miki da tayin. In aka kama ki lasisinki ne cikin haɗari, in ba a kama ki ba kuma kin yaudari majinyatan da kike taɓawa. Kuma kada wani ya ce miki in an yi ba za ki kamu ba. Korona nau'in Omicron ta kama da yawa cikin waɗanda aka yi wa, sai dai allurar tana rage tsanani da kwanciya asibiti. Cewa ba za a kamu ba ita ce ƙaryar da aka yi ta yi wa mutane har suka ƙara ƙin ta.

Ku kuma shugabanni da ke cikin wannan zaure kuna karantawa kun yi shiru, lokacin da gwamnatin tarayya ta sa wa ma'aikatanta dokar nuna katin allura ko shaidar gwajin korona daga 1 ga Disamba 2021, kowa ya zama ɗan sanda. Wa ya taɓa tara masu shara da masu gadi da direbobin motar asibiti ya yi musu bayani da Hausa? Takarda kawai ake mannawa a bango da Turanci. 'Ya'yan Baba har yau ko sisi ba a ba su ba.

Ƙanwata, ki fara tambaya ko wurin aikinku na karɓar shaidar gwaji kafin ki gama yanke shawara, don ki samu sarari. Ki kuma gaya mini wace iri ce suke da ita a can. In a Kano kike, ki yi mini magana ta gefe, ranar hutuna sai in raka ki.