Alhaji, kafin ka zuba miliyan 4 a manhajar yaron nan

Wani Alhaji mai harkar hatsi a Tudun Hatsi nan Gombe ya turo min tambaya, ya ce ɗan ƙanensa ya gama karatun kwamfuta a jami'ar Kashere, ya dawo da maganar buɗe kamfanin fasaha, zai haɗa manhaja mai AI, wato fasahar da na'ura take koyo da kanta, da za ta riƙa faɗa wa 'yan kasuwa farashin masara da wake da riɗi tun wata biyu kafin lokaci, kuma miliyan 4 yake nema a hannun baffan nasa. Alhaji ya ce, "kuɗin buhunan da zan ajiye ne da kaka, in ba shi ko in hana?"

Toh Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ni dai a ganina kada ka hana shi, kuma kada ka ba shi miliyan 4 ɗin a dunƙule. Na yi shekaru ina rubuta manhaja kafin in koma ba da shawara, shi ya sa maganar nan ta taɓa ni sosai, don na san zumuɗin da yaron yake ciki kuma na san inda ramin yake.

Abin da suke kira koyon na'ura fa ba duba ba ne. Tsohon lissafi ake loda wa kwamfuta, na shekara da shekaru, sai ta nemo abin da yake maimaita kansa, kamar dai yaron shagonka da ya shekara goma yana zaune gefenka har ya gane cewa wake yana sauka da kaka ya tashi in damina ta kusa. In babu tsohon lissafin to babu abin da za ta koya. Ka tambaye shi a ina zai samo farashin Tudun Hatsi na shekara biyar da suka wuce, mako bayan mako? Farashin nan a bakin dillalai yake, na safe daban na la'asar daban, buhun da aka cika aka ɗinke masa baki da ƙyar ba ɗaya ba ne da wanda aka yi wa awon mudu, sabon wake ba ɗaya ba ne da wanda ƙwari suka fara ɓulawa. Duk wannan kai ka sani da ido da hannu, kana soka ƙarfe a buhu ka murza ƙwaya biyu ka faɗi kuɗinsa, ita kwamfuta sai an rubuta mata.

In kuma ya ce ai ChatGPT zai jona, to ka sani wannan na kamfanin OpenAI ne na Amurka, a Nuwamban 2022 ya fito, yana da amfani wajen rubuta wasiƙa da tsara lissafi, amma ka tambaye shi kuɗin masara a Kumo yau zai iya kawo maka lamba da cikakken ƙarfin gwiwa alhali bai taɓa ganin kasuwar ba, kuma duk tambayar da manhajar yaron ta tura can ana cajinsa da dala.

Sannan ka tuna abubuwan da suka girgiza kasuwarku daga 2023 zuwa 2025. Cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 da ya ninka kuɗin mota, rufe boda da Nijar bayan juyin mulkin Yulin shekarar, sai gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake a 2024, farashi ya faɗo a 2025, waɗanda suka cika sito suna jiran tsada suka sha asara. Wace na'ura ce za ta hango wannan daga tsohon lissafi? Ba za ta iya ba wallahi, kuma gara yaron ya ji wannan daga bakinka tun yanzu da ya je ya yi wa mutane alkawari su zuba jarinsu a kan maganarsa.

Nasan zai kawo maka labarin Paystack, yaran Legas biyu, Shola Akinlade da Ezra Olubi, da kamfanin Stripe na Amurka ya sayi kamfaninsu a 2020 kan sama da dala miliyan 200. Gaskiya ne. Amma su matsalar karɓar kuɗi ta intanet suka warware, abin da 'yan kasuwa suke kuka da shi kullum, kuma suna cire ladansu a kowane ciniki. Haka Moniepoint da OPay, lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ba wanda ya roƙe ka, kai da kanka ka nemi na'urar POS. Akwai ma dokar sababbin kamfanonin fasaha da Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022 lokacin ɗan garin nan Farfesa Pantami yana minista, yaron zai iya neman rajista a ƙarƙashinta, sai dai doka ba ta kawo kwastoma. Ni na taɓa haɗa wa wani shagon kayan masarufi shafin intanet mai kyau, wata shida muna biyan kuɗin saba, wato inda ake ajiye shafin, ba oda ko ɗaya, ashe duk kwastomominsa a WhatsApp suke da kiran waya, har yau abin yana min ciwo don kuɗin mutumin ne ya tafi. Abokan kasuwarka nawa ne za su sauke sabuwar manhaja a wayar da kullum take kukan ta cika, ga data ta yi tsada?

Ga yadda zan yi da ni ne kai. Ka ware kamar dubu 300, ka ba shi wata uku. Ya fara da littattafanka na ciniki, waɗannan masu baƙin bango da kake ɗaurewa da roba, ya shigar da su kwamfuta kaf, ranar da ka saya, nawa, daga wace kasuwa, kuɗin dako da na mota, wanda ya ci bashi da wanda ya biya. Daga nan kaɗai za ka ga wane kaya ne yake kawo maka riba da gaske, wane ne kake juyawa a banza. Sannan ya samu mutum ɗaya amintacce a Kumo, ɗaya a Bajoga, ɗaya a Dukku, in da hali har Dawanau a Kano, kowace ranar kasuwa su turo farashi, shi kuma ya haɗa ya tura wa 'yan kasuwa ta WhatsApp da murya, da Hausa, tunda da yawa sun fi son saurare da karatu. In ya samu mutum 20 da suka yarda suna biyan ko dubu ɗaya a wata har wata uku a jere, to an samu kasuwa, sai a ƙara masa kuɗi a yi maganar manhaja, ga kuma lissafin da na'urar za ta koya yana taruwa a hankali.

Abu ɗaya da ba na so ka ɗaga ƙafa a kai saboda kunyar ƙanenka shi ne rubutu. Kuɗin nan bashi ne, ko kyauta, ko kai ma kana da kaso a kamfanin? Ku zauna da mahaifinsa da shaidu biyu a rubuta, tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma kan rubuta bashi take. In kaso ne a yi rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da sunanku duka, asusun banki da adireshin shafin su zama na kamfani. Ka turo min shi ranar Asabar da littafin bara guda ɗaya, mu zauna in nuna masa yadda zai fara shigarwa.