Me Ke Sa Jirgin Ɗaukar Hoto Ya Tsere Wa Mai Shi?

Tambayoyi da dama sun zo a kan ƙananan jirage marasa matuƙi masu kyamara, kuma kukan ɗaya ne: jirgi ya tashi lafiya, can sai ya daina jin magana, ya kama gabansa. Mun zaɓi guda biyar.

Assalamu alaikum. Jirgina ƙarami ne, giram 249. Na ɗaga shi mita 110, na tafi da shi kusan kilomita ɗaya. Da na danna maɓallin komawa gida sai na ga nisan yana ƙaruwa, har batir ya ƙare. A ƙasa kuwa iskar ba ta da ƙarfi. Me ya faru?

Wa alaikumus salam, malam. Allah ya mayar da alheri. Iska ce ta ɗauke shi, kuma tana cikin manyan dalilan da ke cinye ƙananan jirage. Wadda kake ji a fuskarka gine-gine da bishiyoyi sun riga sun karya mata lago. A mita ɗari babu abin da ke tare ta, sau da yawa ma sai ta ninka ta ƙasa.

Kowane jirgi yana da iyakar iskar da zai iya jurewa, an rubuta ta a takardar bayaninsa. Mavic Mini na farko, ƙaramin jirgin kamfanin DJI, mita 8 ne a daƙiƙa. DJI Mini 2 wajen mita 10.5, wato kimanin kilomita 38 a awa. Ga lissafin da ya kamata ya zauna maka a kai. A ce jirginka yana gudun mita 10 a daƙiƙa, iska kuma tana mita 9. Wajen tafiya tana bayansa tana tura shi, yana cin mita 19 a daƙiƙa, kilomita ɗaya bai kai minti guda ba. Wajen dawowa mita ɗaya tak yake ci a daƙiƙa: daƙiƙa 1,000 ke nan, kusan minti 17, injina huɗu suna ta zuƙar batir. Iskar ta ƙara mita biyu kacal, to ya fara ja da baya alhali hancinsa yana kallon gida. Abin da ka gani a allonka ke nan.

Maɓallin komawa gida bai taimake ka ba saboda dalili biyu. Ba ya sakin duk ƙarfin jirgin, kuma yakan riƙe shi a sama, inda iskar ta fi tsanani. Da zarar ka ga lambar nisa ta tsaya ko tana hawa, soke komawar, ka karɓi tuƙi da hannunka. Tura makunnin rimot zuwa S, matakin gudu, wanda a Mini 2 yake kai mita 16 a daƙiƙa. Sauke jirgin zuwa mita 30 ko 40 in babu bishiya ko turken wuta a hanya, ka tuna a wannan matakin jiragen da ke da idanun kauce wa karo sukan rufe su. In duk da haka ba ya matsowa, kada ka ja da iska har batir ya mutu. Karkata kyamara ƙasa, nemi fili babu mutane, ka sauke shi can, ka je ka ɗauko a ƙafa.

Gaba kuma, ka fara tafiya ta ɓangaren da iska ke fitowa, domin ta rako shi gida lokacin da batir ya yi rauni. Ka juyo da saura kashi 40, kada ka jira ƙarar gargaɗi.

Ni daga saman bene na tashe shi. Bai yi mita goma ba ya fara kewaye, da'irar tana faɗi, sannan ya fizga gefe da gudu ya bugi bango. Ban taɓa sandar tuƙi ba.

Wannan aikin kamfas ne, ɗan'uwa, kuma tun kafin farfela ta juya aka yi ɓarnar. Cikin jirgin akwai 'yar na'ura mai jin maganaɗisun duniya, da ita yake sanin ina ne arewa. Dakalin bene cike yake da rodi a cikin kankare. Ka kunna jirgi a kansa, ƙarfen ya karkatar da kamfas, jirgin ya haddace arewar ƙarya ya tashi da ita.

Daga nan rikici ya fara. GPS ya ce masa iska ta matsar da kai gabas, koma yamma. Shi kuwa abin da yake kira yamma wani gefen ne daban. Ya gyara, kuskuren ya ƙaru. Ya ƙara ƙarfi, ya ƙara kaucewa. In karkatar kaɗan ce sai ya yi ta kewaye kamar ruwa a mazurari. In ta yi yawa sai ya fizga da gudu kamar yadda naka ya yi.

Maganin daƙiƙa biyar ne, kuma abin takaici mutane kaɗan ke yin sa. Kafin ka tashi, buɗe taswirar manhaja ka dubi 'yar kibiyar da ke wakiltar jirgin. In hancinsa yana kallon titin da ke gabanka, dole kibiyar ma ta kalli wannan titin a taswira. In sun saɓa, kashe jirgin gaba ɗaya, matsa nesa, ka sake kunnawa. Ɗaga shi kawai ka canja wuri ba ya wadatarwa, sai an kashe. Kada ka dogara da cewa manhaja ba ta yi gargaɗi ba, domin ba kullum take ganewa ba. Guji rufin mota, murfin kwalbati na ƙarfe, gada, da kusa da lasifika.

Saitin kamfas kuma ba abin yi kullum ba ne. Ka yi shi in manhaja ta nema, a fili, ka cire agogo da makullai daga jikinka: juyi ɗaya cikakke jirgin yana kwance, ɗaya kuma yana tsaye. Wanda ya yi saiti kusa da ƙarfe ya koya wa jirginsa ƙarya da hannunsa.

Mene ne ATTI da ke fitowa a allo? Kuma taurari nawa zan jira kafin in tashi?

ATTI na nufin jirgin ya rasa sanin inda yake. Yana riƙe tsayinsa da ma'aunin matsin iska, yana daidaita kansa kada ya kife, amma ba shi da birki. Ka saki sanda, iska ta tafi da shi. Yakan faru in siginar taurarin ɗan'adam ta yi rauni, kamar tsakanin dogayen gine-gine, ƙarƙashin gada ko cikin kwazazzabo, a daidai lokacin da idanun cikinsa masu kallon ƙasa su ma suka kasa. Waɗannan idanun suna buƙatar haske da ƙasa mai zane. A kan ruwa, ko farin daɓe mai sheƙi, ko da duhu, ba su da abin kamawa. Da yawa daga abin da ake kira tserewa wannan ne: jirgin yana jin umarni sarai, mai shi ne bai saba tuƙi babu birki ba, ya firgita. Juya shi bayansa ya kalle ka, domin damarka ta zama damarsa, sannan ka jawo shi a hankali.

A lissafi taurari huɗu sun isa a san wuri da tsayi, amma wannan na takarda ne. Jiragen yanzu suna haɗa GPS da wasu tsarin taurari irinsa, Galileo da BeiDou ko GLONASS, don haka jira ka ga 12 ko fiye, alamar taurarin a allo ta daina nuna launin ja, kuma manhaja ta sanar cewa ta rubuta wurin tashi. Duba taswira ka tabbatar alamar gida tana inda kake tsaye. Wanda ya yi gaggawa, jirgin zai rubuta gida a duk inda ya fara samun sigina, wataƙila saman tafki, kuma can zai koma. Mai tuƙi daga kwalekwale ko mota mai tafiya sai ya riƙa sabunta wurin a manhaja.

In rimot ya yanke da jirgin, shi ke nan ya tafi?

A'a. Bayan 'yan daƙiƙu zai yi abin da ka zaɓa masa a saiti: ya koma gida, ya tsaya cak, ko ya sauka. A fili zaɓi komawa gida, ka sa tsayin komawar ya ɗara abu mafi tsawo a wurin da mita 15 zuwa 20. Kada ka cika shi har sama saboda iskar da muka ambata. A ƙarƙashin rumfa ko bishiyoyi tsayawa ta fi, in ba haka ba zai yi sama ya daki abin da ke kansa. Siginar tana tafiya a kan 2.4 da 5.8 GHz, layin da Wi-Fi ke cunkushe, kuma ba ta ratsa bene ko tudu. Faɗin eriya ake nuna wa jirgi, tsininta shi ne mafi rauni. Dokar Amurka da ta Tarayyar Turai duk sun tsaya a kan kada tsayin tashi ya wuce kimanin mita 120, kuma jirgi ya kasance inda idonka ke ganinsa.

Ya riga ya ɓace. Ta ina zan fara nema?

Kada ka kashe rimot, kada ka rufe manhaja. Matsa wuri mai tudu ta ɓangaren da ya nufa, sigina na iya dawowa. Ɗauki hoton allo mai nuna wurinsa na ƙarshe. Manhajar DJI Fly tana da sashen neman jirgi, wanda ke nuna wurin a taswira, kuma yana sa shi ƙara da walƙiya in batir bai mutu ba. Tarihin tafiyar yana ajiye a wayarka: tsayi, gudu, batir da alkibla. Daga nan ake lissafi. In sigina ta yanke da saura minti biyar na batir, iska tana jan sa baya mita 2 a daƙiƙa, nemi shi wajen mita 600 gaba da alamar ƙarshe, ta ɓangaren da iskar ta nufa. Ɗan bidiyon da wayar ta adana zai nuna maka rufi ko bishiyar da ya gani a ƙarshe. Lambar waya a 'yar takarda manne a jikin jirgin, da wata a fayil cikin katin ajiya, ita ce hanyar da mai tsintuwa zai same ka.