Baƙin mai na ɗiga, an rasa ta ina

Malam, ka ce tifarka na yoyon baƙin mai, ka rasa ta inda yake fitowa. A wanke injin tas da kalanzir, a bari ya bushe, sannan a tada shi a silo, wato ba tare da taka totur ba, har ya ɗau zafi. Haska da tocila daga sama zuwa ƙasa. Wurin da ya fi tudu cikin waɗanda suka jiƙe, nan ɓarakar take.

Kada ɗigon ƙasa ya ruɗe ka, don mai gangarowa yake yi, iskar fanka kuma ta kora shi baya. Sau da yawa gaskit ɗin murfin saman injin ne, wato shimfiɗar da ke hana mai fita ta bakin murfin, amma a ɗora wa sil ɗin baya, robar da ke tare mai tsakanin inji da giyabos, laifi, a sauke giyabos a banza.